Gola ne ya kashe mu ko masu ci ne suka yi barci? Gardamar hokin ƙanƙara a Nima

Idan ka bi ta layinmu a Nima, unguwarmu a Ankara babban birnin Gana, bayan sallar isha'i ka ji garada masu gemu suna ɗaga murya har da su wallahi tallahi, kar ka yi saurin cewa siyasa ce ko ƙwallon Hearts da Kotoko, wani lokaci hoki ne, kuma hokin ma ba irin namu na fili ba, na kan ƙanƙara, wanda yaran jami'a ke bugawa can Amurka. Ni ma na san abin dariya ne. A cikinmu mu wajen goma da muke zama a bes ɗin nan, wato majalisarmu ta hira, babu wanda ya taɓa taka ƙanƙarar da ta wuce wadda ake fasawa a zuba a sobolo, amma zo ka ji yadda muke yanke wa 'ya'yan mutane hukunci kamar mu muka koya musu wasan.

Laifin ɗan kawuna ne, abokin wasana. Yana Wusta a jihar Masacusets, inda 'yan Gana suka yi yawa har ka ɗauka wata unguwa ce ta Kumashi aka ɗauke aka kai cikin sanyi, yana aikin dare, to wani abokin aikinsa ne ya ja shi kallon wasan Kwalejin Boston sau ɗaya, shi ke nan mutumin nan ya kamu. Saƙon murya na minti bakwai-bakwai yake turowa a guruf ɗinmu na WhatsApp, da asuba ka farka ka tarar da guda biyar, duk labarin wane ya ci wane ya ɓarar. Da farko zaginsa muke yi, muna cewa cale ka tafi neman kuɗi ko ka tafi neman ciwon kai, har ranar da ya ba wani mai zuwa gida riguna uku ya kawo mana, ja mai duhu da ruwan gwal da hoton mikiya, masu dogon hannu masu nauyi kamar bargo. Telan layinmu ya sa tashi ranar wata Juma'a ya tafi masallaci da ita cikin zafin Ankara, kafin a idar da huɗuba ya jiƙe sharkaf. Daga ranar dai muka zama 'yan Kwalejin Boston, riga ce ta saye mu ba wani abu ba.

Kawu, wato baban mai aiko rigunan, shi ne dattijon bes ɗin, ba ya shan ataya saboda suga amma kullum yana kan kujerarsa ta roba. Ranar da ya fara leƙa wayar sai ya ce to wannan wane irin wasa ne mutane na gudu a kan wuƙa. Ni aka bar wa bayani tunda ni kaɗai na taɓa riƙe sandar hoki. Na ce Kawu, mutum shida-shida ne har da gola, zango uku ake yi kowanne minti 20, kuma ana canza 'yan wasa wasa na tafiya ba a tsayawa, mutum bai cika wuce minti ɗaya a ciki ba saboda gudun yana cinye huhu, sai ka ga uku sun tsallake katanga sun fita uku sun faɗo. Ragar ƙarama ce, faɗi ƙafa 6 tsayi ƙafa 4, ga gola da kaya kamar katifa ya cika ta. Abin da ake bugawa kuma ba ƙwallo ba ne, faifan baƙar roba ne mai tauri, faɗinsa inci 3 kaurinsa inci 1, har a firiza ake sa shi kafin wasa don kar ya yi ta tsalle a kan ƙanƙara. Mai ataya ya ƙura ido ya ce a'a wannan ai ƙosan da aka manta a kasko ne. Tun daga nan ba mu da wani suna da muke kiransa sai ƙosai.

Gasar ƙarshen kaka ta jami'o'in tim 16 ke shiga, sili ɗaya ƙwale, ba gida da waje ba gyara, huɗun da suka rage su ake ce wa Frozen Four. A 2024 namu suka shiga a matsayin na ɗaya a ƙasar gaba ɗaya, kuma ba a banza ba. Cutter Gauthier ya ci 38 a kakar, babu wanda ya kai shi. Will Smith, ba na fim ba, yaro ne ɗan ajin farko, ya haɗa maki 71 tsakanin ci da bayarwa, shi ma babu wanda ya kai shi, ga Ryan Leonard ga Gabe Perreault a gefensa. Sun ci wasa 15 a jere, a kusa da ƙarshe suka lallasa Mishigan 4-0. Ɗan kawuna har ya fara tambayar tela nawa zai ɗinka mana tuta.

Fainal ɗin da Jami'ar Denba ne, ranar Asabar 13 ga Afrilu, a St. Paul ta jihar Minesota, kwana biyu-uku bayan ƙaramar Sallah, mutane ba su gama cinye naman Sallah da cincin ba. Wajen ƙarfe goma na dare a nan. Muka haɗa sidi biyar-biyar aka sayi data, aka ɗora laftof a kan bencin tela, mai ataya ya ɗora zagaye na farko, kowa na addu'a a zuci kar dumso ta yi mana halinta. Wuta ba ta ɗauke ba, da ma ta ɗauke ɗin.

Zangon farko ba ci. A na biyu Jared Wright na Jami'ar Denba ya buga daga gefe, ƙosai ya daki ƙarfe ya dawo ya daki bayan golanmu Jacob Fowler ya gangara ciki a hankali kamar mai jin kunya. Bayan 'yan mintuna Rieger Lorenz ya ƙara na biyu a sama. Zango na uku kuwa ban taɓa ganin irinsa ba, namu suka tare a gidan Denba kamar masu bin bashi, bugu ta dama bugu ta hagu, golansu Matt Davis ya tare 23 a minti 20 ɗin nan kaɗai, 35 a wasan duka. Akwai wanda aka miƙa wa Leonard ƙosai a gefen raga, raga a buɗe wayam, mu duka mun riga mun miƙe, direban trotro har ya zubar da kofin Kawu na ruwan zafi, sai ga Davis ya taso daga ɗaya gefen ya yi sufa ya miƙe jikinsa gaba ɗaya a iska ya tare da hannu. Shiru bes ya yi, ka ji kukan injin niƙa na can bayan layi. Aka tashi 2-0, karo na farko a kakar da aka hana namu cin ko ɗaya, Denba ta ɗauki kofinta na 10 ta wuce Mishigan mai 9, babu jami'ar da ta kai ta. Namu kuwa biyar gare su, rabonsu da shi tun 2012.

To daga daren nan gardama ta tashi kuma har yau ba ta kwanta ba, ta kan yi barci wata biyu sai wani ya taka mata wutsiya.

Tela shi dai maganarsa ɗaya ce, gola kwando ne. Ya ce ta yaya abu zai daki bayanka ya shiga, ai ko makaho ya san inda bayansa yake, gola na kirki ba ya ba raga baya. Direba ya ce ƙarya ne, masu cin ne 'yan gayu, sun saba cin ƙananan tim shida-shida suna rawa, da suka haɗu da maza sai ƙafa ta yi sanyi, ya ce irinsu ɗaya da direban da ya iya gudu a kan babban titin Tema da asuba amma sa shi a Circle ƙarfe biyar na yamma ka ga ido. Ɗan kawuna daga can, muryarsa a dishe, ya ce ku bar yaran nan, babu laifin kowa, Davis ne aljanu suka hau, irin daren nan ko ƙwararrun NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta can, ka kawo ba za su ci shi ba. Mai ataya kuma da gaske fuskarsa ba wasa ya ce a bincika ƙarƙashin ƙanƙarar ragar nan, an binne wani abu, shi ya ga irin haka a Kumashi da idonsa. Kawu ya bari sai da kowa ya gaji sannan ya ce ku yara ba ku ga gola ba, Robert Mensah shi ne gola, da hularsa a ka, idan abokan karawa suka kasa zuwa gidansa jarida yake buɗewa a cikin raga don ya ci musu fuska, da shi Kotoko ta ɗauko kofin Afirka na 1970 a Kinshasa. Duk gardamar da aka yi a gaban Kawu a kan Robert Mensah take ƙarewa, ko ta farashin siminti ce.

Ni kowa ya san inda zan faɗi, kuma gara in faɗa da bakina, ni tsohon gola ne. A sakandare kocinmu ya dube ni ranar farko ya ce kai ba ka da gudu amma kana da faɗi, shiga raga. Hokin fili, mutum goma sha ɗaya, raga mai faɗin ƙafa 12 tsayi 7, ƙwallo mai tauri kamar dutse. Kayan gola saiti ɗaya ne a makarantar duka, mu sa da yamma 'yan mata su sa da safe, ba ya taɓa bushewa, warinsa har yau idan na shiga shagon da katifa ta jiƙe sai in tuna shi, kwalkwalin kuma da igiyar takalmi ake ɗaure shi. A wani wasan gasar makarantun yanki mun danne wata makaranta tun daga farko har ƙarshe, shot kona kam na daina ƙirgawa. Ga wanda bai sani ba, shot kona ita ce babbar dama a hokin fili, ɗaya ya turo ƙwallo daga layin baya, ɗaya ya tsayar da ita a bakin da'ira, na uku ya narka, masu tsaro biyar kacal har da gola ke fitowa daga raga. Mai tsayar mana da ƙwallo ranar ko ɗaya bai tsayar daidai ba, tana zuwa tana tsalle ta wuce shi, mai bugu ya daki iska, a sake, haka dai. Ni ina can ɗaya gefen rana na gasa ni cikin katifa, kusan ban taɓa ƙwallo ba. Saura kaɗan a tashi suka zo sau ɗaya, wani ya buga wata lagwaniyar ƙwallo, ta goga sandar ɗan bayana ta canza hanya ta bi tsakanin ƙafafuna a hankali, na juya ina kallonta tana daki katakon raga, ƙwas. 1-0.

A motar komawa babu wanda ya zauna kusa da ni, wari ma ya taimaka. Kafin mu iso makaranta na samu suna, Rariya. Shekara ashirin da wani abu yanzu, ina da mata da 'ya'ya, kwanan baya a wajen wani ɗaurin aure a Madina ina cikin babbar riga sai na ji daga nesa an ce Rariyaaa, surukina na tsaye a gefena. Wanda ya kasa tsayar da ƙwallo sau ba adadi kuwa babu wanda ya sa masa suna, Alhaji ake ce masa yanzu.

Shi ya sa idan tela ya ce kwando sai in ji kamar da ni yake. Kuskuren gola a allo ake rubuta shi da manyan lambobi kowa ya tafi da shi gida, kuskuren mai ci kuwa a iska yake bajewa, a ce kash a tafa masa ma wai ya yi ƙoƙari. Fowler ɗin nan yaro ne ɗan shekara 19 a ajin farko, kwana biyu kafin nan shi ya hana Mishigan cin ko ɗaya, kuma ƙosan da ya daki ƙarfe ya dawo bayanka ba abin da ɗan Adam zai yi masa, kafin kunnenka ya kai wa ƙwaƙwalwa labarin ƙarar ƙarfen an riga an gama. A ce ma ya tare duka biyun, to sai me, 0-0 ke nan, wa zai ci mana? Tim ɗin da ba ta ci ko ɗaya ba ba ta da bakin zagin gola.

Da na faɗi haka direba ya tare ni da abin da ban shirya masa ba. Ya ce Malam tsaya, ka ce ba a tuna kuskuren mai ci, to Asamoah Gyan fa? Nan fa na yi shiru, don duk wanda ya kai hankali a 2010 ya san inda yake zaune daren da Gana ta kara da Uruguay a gasar kofin duniya, Suarez ya sa hannu, fenariti a minti na ƙarshe, ƙwallo ta daki ƙarfen sama ta tafi da mu duka. Gaskiyarsa ne, ba a manta ba, mutumin da ya fi kowa ci wa Gana ƙwallo amma abin da ake fara tunawa ke nan. Sai da na kwana na samo amsa, washegari na same shi a tasha yana jiran layi na ce masa, an tuna na Gyan ne don ranar an tsayar da duniya cak an bar shi shi kaɗai kowa na kallo, babu wanda zai raba laifin da shi. Wato sau ɗaya ya tsaya a inda gola ke tsayawa kullum. Ya ce wannan kuma falsafa ce, shiga mota ko ka matsa.

Amma fa ban yarda da ɗan kawuna ba shi ma, duk da maganarsa ta fi daɗi a kunnen tsohon gola. Cewa Davis ne kawai, ƙaddara ce, ba yadda za a yi, wannan hanyar guje wa magana ce. Na zauna na sake kallon wasan ni kaɗai a waya, ba ihu ba ataya, kuma lissafin mai sauƙi ne ko ɗan firamare zai yi. An buga wa Davis 35, 23 a zango na uku. Saura 12. Wato minti 40 cur, tim ɗin da ta fi kowace tsoratar da mutane a ƙasar, mai Gauthier mai Smith mai Leonard, sau 12 kacal ta iya kai ƙosai jikin gola. A nan wasan ya lalace, tun kafin sufar da kowa ke turawa a waya. Yaran David Carle, kocin Denba, sun cushe tsakiyar fili, duk wanda ya ɗauko ƙosai da gudu sai ya tarar da sanduna da jikkuna a gabansa, a tura shi gefen katanga inda ba abin da zai iya, namu kuma wasansu na gudu ne da ba-ni-in-ba-ka mai kyau a ido, da aka toshe hanyar sai suka yi ta neman ƙofar da babu ita. Sai da ruwa ya kai wuya, ana binsu biyu, sannan suka fara jefa komai a raga, kuma a lokacin gola ya riga ya yi zafi.

Wannan abu ne da wanda bai tsaya a raga ba ba zai gane ba. Yawan bugu ba ya tsorata gola, daɗi ma yake ji, kowane wanda ka tare ƙwallon ƙara girma take a idonka har ta koma kamar kankana. Abin da gola ya tsana uku ne, wanda bai gani ba saboda wani ƙato ya tsaya masa a gaba, wanda ya goga wani abu ya canza hanya, da wanda ya tare ya faɗi a gabansa aka sake dannawa kafin ya tashi. Duka ukun aikin datti ne, sai an samu mai tsayawa a bakin raga ana dukansa da sanda a baya ana tura shi yana dawowa, ba ya fitowa a bidiyon da ake yaɗawa, ba a buga sunansa a riga. Bugu daga nesa gola na kallonka tun daga ɗaga sanda kuwa sadaka ce ka ba shi, a rubuta maka ka yi bugu a rubuta masa ya tare, kowa ya samu lamba ba a samu ci ba. Don haka direba ya fi kowa kusa da gaskiya, sai dai shi ya ce tsoro ne, ni kuma na ce ba tsoro ba ne, an hana su hanyar da suka sani ne kuma suka makara wajen neman wata.

Abin da ya fi burge ni ma Denba ɗin ce. A kakar nan babu tim ɗin da ta kai su yawan ci, su ma 'yan zura biyar-biyar ne, ba wasu masu tsaron gida ba. Amma da aka shigo sili ɗaya ƙwale dubi sakamakonsu, 2-1 da UMass sai da aka yi ƙarin lokaci har biyu, 2-1 da Cornell, 2-1 da Jami'ar Boston (wata makaranta ce daban, ba Kwalejinmu ba) ta su tauraro Macklin Celebrini shi ma a ƙarin lokaci, sannan 2-0 da mu. Takwas suka ci a wasa huɗu, uku aka ci su. Masu ci ne suka yarda su sauke girman kai su yi gadi, su kwanta a gaban ƙosan da ke tafiya kamar harsashi, golan nasu kuma ya biya su. Tela na ganin gola, direba na ganin masu ci, kamara ma su take bi, mutum huɗu-biyar da suka hana ƙosai isowa inda zai yi ɓarna ba mai kawo su a gardama.

Shekara ta zagayo Allah Ya sake haɗa su, ƙarshen Maris 2025 daidai bakin Sallah, wannan karon a wasan neman shiga huɗun ƙarshe, namu kuma sun sake shigowa a na ɗaya, Leonard ya fi kowa ci a ƙasar da 30. Ɗan kawuna ya ce ranar ramuwa ce. Denba 3, mu 1, Davis ɗin dai. Minti 120 a wasa biyu ƙosai ɗaya muka sa masa. Na ce wa mai ataya to wannan karon a wani gari aka buga, su wa suka bi su da abin binnewa? Ya ce ai a jiki yake ɗaure. Fowler kuwa da tela ke kira kwando, a kakar nan shi aka ba kyautar Mike Richter ta golan da ya fi kowa a jami'o'in Amurka, na tura wa tela hoton har sau uku, ya buɗe bai ce komai ba, da na same shi a shago ya ce Turawa ma suna da son kai. Davis ɗin ma ba aljani ba ne, a wasa na gaba Western Michigan ta fitar da su 3-2 a ƙarin lokaci na biyu, ta je ta ci Jami'ar Boston 6-2 ta ɗauki kofinta na farko.

Wani abin da ke ɗan ci min rai shi ne duk wannan ihu da muke a kan yaran Boston, ga filin hoki nan a garinmu kusa da Tema Station, trotro ɗaya ne daga Nima, kuma a bes ɗinmu ban da ni da Kawu babu wanda ya taɓa shiga. Sunan Theodosia Okoh ke jikinsa, matar da ta zana tutar Gana a 1957, ta kuma shugabanci hokin ƙasar nan sama da shekara ashirin. Mun taɓa zama zakarun Afirka a 1974, muka je gasar duniya a Kuala Lumpur a 1975, marigayi shugaba Atta Mills ma ɗan hoki ne. Wata ɗaya kafin fainal ɗin da ya hana mu barci, a Maris 2024, a filin nan matanmu suka ɗauki zinare a wasannin Afirka, da Najeriya suka kara, 'yan uwa na Kano da Kaduna ku yi haƙuri ba ni na tsara ba. Canjaras aka tashi sai da aka je fito-na-fito, wanda a hoki ba kamar fenaritin ƙwallo ba ne, daga layin mita 23 ɗan wasa ke tasowa da ƙwallo shi da gola, daƙiƙa 8 gare shi ya ci ko ya tafi. Ranar babu wanda na ji yana tambayar me ya hana a gama wasan tun a cikin lokaci, an ci zinare ai, rawa kawai aka yi. Da an faɗi a fito-na-fiton nan na san wadda za a sa wa suna a motar komawa.

Da 'yar yayata na je kallon, shekararta goma sha uku, tun daga ranar ta addabi uwarta ita gola za ta zama. Yaya ta kira ni ta ce kai ka jawo wannan, yarinya mace za a naɗe ta cikin katifa ana jifanta da dutse, idan haƙori ya fita kai za ka biya. Na ce Yaya akwai kwalkwali yanzu mai kyau ba irin namu ba. Da ƙyar ta bari na kai ta wajen masu koya wa yara ranar wata Asabar, aka ɗaura mata kaya tana tafiya kamar agwagwa, ta tare ta farko da ƙafa ta juyo tana neman idona, ta tare ta biyu, ta uku kuwa lagwaniya ce ta bi tsakanin ƙafafunta ta daki katako, ƙwas, sautin nan dai bai canza ba. Ban ce mata komai ba. A trotro muna hawowa ta Kanda tana cin waakye a ganye ta ce Kawu, ai ba laifina ba ne, wannan doguwar ce ta tsaya min a gaba ban ga fitowarta ba.

Da dare na ba su labari a bes ina jin daɗi, na ce kun ji ko, yarinya rana ɗaya a raga ta gane abin da na shekara ina gaya muku. Tela bai ko ɗago daga keken ba, yana yanke hannun rigar Boston ɗin ne don ya samu ya riƙa sawa da rana, ya ce jini ba ya ƙarya, rariya ta haifi rariya.